Soket ɗin bayan firji: nazarin wutar wani gida da ambaliya ta shiga

Sai da ruwa ya yi kusan mako uku da janyewa sannan aka kira ni gidan, kuma ba don ambaliyar aka kira ni ba, domin a wurinsu wannan ta riga ta zama labari. Uwargida ce ta farka cikin dare ta ji ƙaurin roba. Ta bi warin har kicin, ta haska bayan firji da tocila, ta ga soket ya yi baƙi ƙirin, gefensa ɗaya ya narke ya zubo, wani siririn hayaƙi yana fita ta ramin sukuru. Allah ya taimaka ba ta watsa masa ruwa ba. Ta tashi maigidan ya kashe babban makunni, suka ƙarasa daren a duhu, ba wanda ya runtsa.

Da safe maigidan ya tare ni tun daga ƙofa.

"Injiniya, sannu da zuwa. Soket ɗaya ne ya ƙone, ka canza mana shi. Sauran komai lafiya lau yake aiki."

Na ce, "Alhaji, wannan layin da nake gani a bango fa?"

Layi ne mai ruwan ƙasa, ya zagaye falon gaba ɗaya, tsayinsa ya ɗan wuce gwiwata. An goge shi amma bai fita ba. Duk soket ɗin da ke falon yana ƙarƙashinsa.

"Ai na ruwan nan ne. Mun shanya komai, ya bushe ƙarau."

Na daɗe a wannan sana'a, kuma babu maganar da take tayar mini da hankali a gidan da ruwa ya shiga kamar "ya bushe". Na zaɓi in rubuta lamarin wannan gida dalla-dalla ne saboda mutanen cikinsa masu hankali ne, masu kula, kuma duk abin da suka yi shi ne abin da yawancinmu za mu yi. Amma sau uku ajali ya leƙo gidan cikin wata guda.

Yadda wutar gidan take

Gidan na ƙasa ne, ɗaki uku da falo da kicin, sai wani ƙaramin sito a baya da ake sauka matakala biyu kafin a shiga. Wuta tana zuwa masa ta hanya uku: layin kamfani, janareta, da sola mai inbata da batura huɗu. Babban akwatin bireka yana baranda, sama da kan mutum, ruwa bai kai gare shi ba. Wanda ya haɗa solar kuwa a daɓen sito ya jera baturan, ya kafa inbata a bango daidai ƙirji, ya sa ƙaramin akwatin birekanta da makunnin sauya layi, wanda muke kira canjoba, a ƙasa da ita. Wato zuciyar wutar gidan tana ɗakin da ya fi kowane ɗaki zurfi.

Wayoyin fitilu ta rufi suka bi. Na soket kuwa cikin bututun roba aka ja su ta ƙarƙashin daɓe, suna ɓullowa a bango kamar taƙi ɗaya da rabi daga ƙasa. Masu gini suna son wannan hanya don tana rage tsawon waya. Sai dai bututun da ya nutse a ƙarƙashin daɓe ya taso ta gefe biyu, duk ruwan da ya shige shi ba shi da mafita. Rana ba ta kai masa, iska ba ta ratsa shi.

Daren da ruwan ya shigo

Bayan tsakar dare ruwan ya fara kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa. An ɗauke wutar layi tun yamma, saboda haka a lissafin maigidan babu wutar da za a ji tsoro. Bai sa inbata a lissafin ba, alhali ita ce take haska musu fitilun da suke kwashe kaya, ita ce kuma take ba soket ɗin falo wuta. Mutane da yawa suna yi wa wutar inbata kallon ƙaramar wuta saboda daga batir ta fito. Bolt 230 take fitarwa, kuma jikin mutum ba ya bambanta ta da ta kamfani.

Ɗansu mai shekara 16 ya tuna da talabijin. Ya shiga falo, ruwa a ƙwaurinsa, ya tura hannu cikin ruwan yana laluben ƙarin soket, irin mai doguwar waya da ake yarwa bayan kujera. Shi da kansa ya gaya mini cewa tun kafin ya taɓa abin ya ji kamar ana caka masa allurai a yatsu, sai hannun ya ƙage har kafaɗa. Ya ƙwalla ƙara, ya faɗi da baya kan doguwar kujera. Faɗuwar ce ta raba shi da wurin.

Uban ya zabura zai shiga sito ya kashe inbata, alhali ruwan can ya kai cinya. Uwargida ta riƙe rigarsa ta ce, "Alhaji, don girman Allah kada ka shiga." A duk abin da aka yi daren nan, wannan riƙon shi ne ya fi zama daidai. Ba a jima ba ruwa ya kai ƙaramin akwatin bireka, inbata ta yi kuka ta mutu da kanta.

Ya kamata a fahimci abin da ya sami yaron, domin bai taɓa waya ba. Ruwa tsantsa, wanda aka tace aka cire masa komai, da kyar yake ɗaukar lantarki. Gishiri da ma'adinan da suka narke a cikinsa su ne suke ɗauka, ruwan ambaliya kuwa fal yake da su, tunda ya kwaso laka da taki da ruwan kwata da na shadda. Idan soket mai wuta ya nutse, lantarki yakan bi ta cikin ruwan daga waya mai wuta zuwa nutural, wato wayar da wuta take komawa ta cikinta, da kuma ƙasa. Ba a layi ɗaya yake tafiya ba, bazuwa yake yi, da ƙarfi a kusa da soket ɗin, yana raguwa in an nisanta. Jikin ɗan Adam kuma ruwa ne mai gishiri, ya fi ruwan kogi da na sama sauƙin bi. Da mutum ya shigo da'irar, wutar sai ta ratsa ta cikinsa.

Fata ce garkuwarmu. Idan ta bushe sosai, turjiyarta ga lantarki tana iya kaiwa om 100,000. Idan ta jiƙe, turjiyar jiki takan faɗo zuwa wajen om 1,000. A raba bolt 230 da om 1,000, za a sami miliamfiya 230, miliamfiya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na amfiya. Mutum yana fara jin wuta tun daga miliamfiya 1. A wajen 10 zuwa 16 tsokar hannu takan damƙe, ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 30 numfashi yana iya sarƙewa. Tsakanin 50 da 100, idan ta bi ta ƙirji, zuciya tana iya rikicewa ta koma karkarwa a maimakon bugawa. A fahimtata, abin da ya ceci yaron shi ne yawancin wutar ta bi gajeriyar hanya tsakanin ramukan soket ɗin, shi gefenta kawai ya same shi. Da ya riga ya damƙi abin a hannu, da labarin ya sha bamban.

"To me ya sa bireka bai faɗi ba?" in ji Alhaji.

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba ta da daɗi. Birekan wannan layi na amfiya 20 ne, wato miliamfiya 20,000. Wayar cikin bango yake gadi kada ta yi zafi ta kama wuta. Abin da zai kashe mutum goma bai isa ya motsa shi ba. Na'urar da aka yi don ran mutum daban take, ita ce muke kira RCD. Tana auna wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar, in ta ga an sami giɓi ta san wuta tana yoyo ta wani wuri, sai ta yanke. Ta gidaje tana yankewa a miliamfiya 30 cikin abin da bai kai sulusin daƙiƙa ba, in kuwa yoyon ya ninka haka sau biyar, cikin kashi 40 cikin dubu na daƙiƙa ɗaya. A Amurka, inda soket yake da bolt 120, irin tasu tana yankewa a wajen miliamfiya 5, kuma wani farfesa mai suna Charles Dalziel na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne ya ƙirƙiro ta a 1961, bayan ya shafe shekaru yana nazarin yadda lantarki yake yi wa jiki.

Gidan yana da RCD guda ɗaya a babban akwati, amma a ɓangaren layin kamfani take. Layukan da inbata take ciyarwa ba sa bi ta cikinta. Ban da haka, ba a haɗa nutural ɗin inbatar da wayar ƙasa, wadda take zubar da wutar da ta yi yoyo cikin ƙasa, yadda ya dace ba, ta yadda ko an sa mata RCD ba lallai ta gane yoyon ba. Na sha ganin wannan a gidajen da aka ƙara wa sola daga baya, kuma yana ba ni takaici, domin maigida yana ganin na'urar a bango ya ɗauka iyalinsa suna cikin kariya.

Ba a kai yaron asibiti ba, tunda ya miƙe yana magana. Na gaya wa iyayen kai tsaye cewa wannan kuskure ne. Wanda wuta ta ja har hannunsa ya ƙage, a kai shi likita ya duba bugun zuciyarsa, ko da ba a ga ƙuna a fatarsa ba. Da kuma a ce ya maƙale a wurin, bai kamata kowa ya faɗa ruwan ya kama shi ba, don mai ceto yakan zama na biyu. A yanke wutar daga busasshen wuri in da hali, ko a tsaya kan abin da yake busasshe a janyo shi da busasshiyar sanda ko roba. In ba ya numfashi, a kira agajin gaggawa, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6.

Kwanakin shanya

Ruwan ya kwana biyu ya janye. Aka kwashe laka, aka fitar da katifu da kujeru, aka kwance bireka da canjoba na sito aka jera su a rana.

Ana bukatar famfo ya zuƙe ruwan da ya rage a sito, wutar layi ba ta dawo ba, sai aka tayar da janareta. Tunda ana yayyafi, a baranda aka ajiye shi, kusa da tagar ɗakin yara. Kafin dare ƙananan biyu sun fara kukan ciwon kai, ɗaya tana amai. An ɗauka ƙazantar ruwan ce. Ni hayaƙin janareta nake zargi, domin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne alamunta na farko. Mai ya ƙare wa janaretan kafin a kwanta barci, shi ne ya kashe kansa. Ƙa'idar da hukumomin lafiya suke bayarwa ita ce a ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga.

Akwai wani abin kuma. Da yake an cire canjoba, sai aka samo waya mai filogi a kowane kai, aka cusa ɗaya a janareta ɗaya a soket ɗin bango. Filogin da ke hannun mai cusawa, haƙoransa tsirara suke da wuta. Kuma in ba a kashe babban makunni ba, wutar tana fita daga gidan ta koma layi, ta shiga taransifoma ta baya. Taransifoman da yake sauko da dubban bolt zuwa na gida, haka yake ɗaga na gida zuwa dubbai, sai ta sami ma'aikacin da ya hau turke yana gyara da yaƙinin an kashe layin.

Da wuta ta dawo, aka kira wani mai gyara. Ya mayar da birekan da aka shanya, ya tsallake canjoba ya haɗa layi kai tsaye, ya bi soket-soket da testa, irin sukundireban nan mai ɗan ƙwai a ciki. Ko'ina ya haska. Ya ce an gama. Testa tana gaya maka akwai wuta a wuri, iyakar saninta ke nan. Ba ta san ko rigar waya ta lalace ba, ba ta san ko bireka zai faɗi ranar da ake bukatarsa ba.

Abin da na tarar

Kafin in taɓa komai sai da na raba gidan da kowace hanyar wuta: layin kamfani, janareta, batura, da farantan sola. Na ƙarshen nan ana yawan mantawa da shi. Muddin rana tana haska faranti yana fitar da wuta, ko inbata ta mutu, kuma idan an jera su da yawa a layi ɗaya ƙarfin yana iya kaiwa ɗaruruwan bolt. Na gwada na'urar awona a wurin da na san akwai wuta, na auna gidan na ga babu, na sake gwada na'urar don in tabbata ba ita ce ta mutu ba. Sannan na fara kwance soket.

Daga waje fes suke, uwargida ta goge su da kyau. Na farkon da na cire, bayansa cike yake da laka mai laushi kamar kwaɓaɓɓen siminti, har yanzu da danshi. Jan ƙarfen wayar ya yi kore a bakin sukuru, sukurun kansa ya yi tsatsa. Yaron da yake koyon aiki a wurina ya zura siririyar waya cikin bututun da ya gangara ƙasa, ya zaro ta tana ɗiga.

"Maigida, ruwa ne cike a ciki," in ji shi.

Mako uku bayan ambaliya, wayoyin soket na gidan kwance suke cikin ruwa, da wuta a jikinsu.

Na ɗauko na'urar auna lafiyar rigar waya, wadda aka fi sani da sunan kamfanin Megger. Tana tura bolt 500 cikin layin da aka kashe, ta auna yadda rigar take hana wuta fita. Ƙa'idar duniya ta wutar gine-gine ta ce kada sakamakon ya gaza megaom 1, wato om miliyan ɗaya, kuma lafiyayyen layi yakan ninka haka sau da yawa. Layukan fitilun cikin gida, da suka bi ta rufi, sun wuce ba gardama. Layukan soket uku duk sun faɗi, na kicin ya fi kowanne muni.

Shi kuwa soket ɗin bayan firji, ba nauyin firji kaɗai yake ɗauka ba. Mahaɗa ne. Waya ta shigo masa daga akwati, wata ta fita daga sukurunsa zuwa sauran soket ɗin kicin, saboda haka duk wutar butar lantarki da ta na'urar ɗumama abinci ta bakinsa take wucewa. Tsatsa da koren nan sun shiga tsakanin waya da sukuru, haɗin ya daina zama ƙarfe da ƙarfe. Lissafin zafi a irin wannan wuri mai sauƙi ne: a ninka amfiya da kanta, a ninka da turjiyar. A ce amfiya 10 tana wucewa ta haɗin da tsatsa ta kai turjiyarsa rabin om, an sami wat 50 ke nan, kwatankwacin ƙarfen solda, a wurin da bai fi kan yatsa ba, a cikin roba. Kullum aka dafa ruwa sai robar ta ƙara gasuwa. Robar da ta ƙone ta zama gawayi, gawayi kuma yana ɗaukar lantarki. Da shi da danshin lakar suka shimfiɗa wa wuta siririyar hanya tsakanin waya mai wuta da nutural, tana tartsatsi a hankali dare da rana. Duk wannan bai kai amfiya 20 ba, don haka bireka bai ga laifin komai ba.

Mutane suna mamaki idan aka ce ruwa yana haddasa gobara. A watan Oktoba na 2012, lokacin guguwar Sandy, gidaje fiye da 100 suka ƙone a unguwar Breezy Point ta birnin Niyok alhali suna tsaye cikin ruwa, kuma binciken hukumar kashe gobara ya nuna ruwan teku ne ya taɓa wayoyin wani gida wutar ta tashi. Ruwan teku ya fi muni nesa ba kusa ba, saboda gishirinsa yana ɗaukar lantarki sosai, yana kuma cin ƙarfe da sauri. Bayan guguwar Ian a jihar Filorida a 2022 an ga motoci masu batirin litiyom suna kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan gishiri ya shafe su. Duk batirin litiyom da ya nutse, na inbata ne ko na babur ko na cajin waya, a fitar da shi waje nesa da gini, kada a yi gangancin sa masa caji.

Gardamar bireka

A kan waya da soket Alhaji bai ja ba, tunda ya gani da idonsa. A kan bireka ne muka daɗe.

"Injiniya, kwana huɗu suka yi a rana. Ji yadda suke ƙara." Ya ɗaga ɗaya ya sauke, ya yi ƙas-ƙas.

Na roƙe shi ya ba ni guda ɗaya in sadaukar. Na huda ƙusoshin da suka riƙe shi, na buɗe shi biyu a kan tebur. A ciki akwai siririn ƙarfe mai lanƙwashewa in ya ji zafi, da naɗin waya mai maganaɗisu da yake fizge makunnin nan take in wayoyi suka haɗu, da ƙananan faranti a jere masu kashe tartsatsi, da wani ɗan sifirin da bai kai ƙwayar wake ba. Busasshiyar laka ta cika tsakanin farantan. Sifirin ya yi ja da tsatsa. Na ce masa hannunsa ne yake motsa madannin, kuma hannu yana da ƙarfi. Ranar da wayoyi za su haɗu cikin dare, wannan ɗan sifirin ne zai yi aikin shi kaɗai cikin ƙiftawar ido, in ya cije kuma babu mai gaya masa. Ya ɗauki rabin birekan ya juya shi a tafin hannunsa, ya daɗe bai ce komai ba. Daga bisani ya ce a canza su duka.

Ba ra'ayina ne ni kaɗai ba. Ƙungiyar kamfanonin da suke ƙera kayan lantarki a Amurka tana da jagora a kan kayan da ruwa ya taɓa, kuma a cikinta ƙananan bireka da fis da soket da makunni da na'urorin gadin yoyo suna sahun abin da ake canzawa, ba a gyara su. Na san nauyin da hakan yake ɗora wa mutumin da ya riga ya yi asarar katifa da kujera da hatsi, kuma ba na jin daɗin faɗa. Shi ya sa duk abin da za a iya cetowa na tsaya na ceto shi da gaskiya.

Layukan soket na ɗakuna da falo mun zare wayoyinsu, muka hura bututun da iska, muka bar su kwanaki, muka yanke bakin wayoyin da suka yi kore har sai da jan ƙarfe mai sheƙi ya bayyana. Da muka sake aunawa sun wuce. Na kicin bai wuce ba ko bayan haka, muka yi watsi da shi. Firjin da injin wanki, da yake injinansu da mahaɗar wayoyinsu a ƙasa suke, mai gyaransu ya buɗe ya wanke ya canza ƙananan kayan tayar da inji, muka auna su kafin a kunna. Sitabilaizan da yake zaune a daɓe da duk ƙarin soket masu doguwar waya mun zubar, domin wayarsu mai silli-silli ce, tana tsotsar ruwa can ciki kamar lagwani. Baturan huɗu na ruwan asid ne, ƙazamin ruwa ya shige su ta murafu, aka miƙa su ga masu karɓar tsofaffin batura. Na gargaɗi yaran gidan kada su kusance su da ashana ko ƙarfe, saboda suna fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, kuma sifana ɗaya in ta gitta kawunansu biyu tana iya narkewa. Inbatar, ko da ruwa bai rufe ta ba, an kai ta wurin masu ita su duba.

A sabon aikin mun juya tsarin. Layin kicin ta rufi ya sauko. Sabbin soket mun ɗaga su sama da mita ɗaya daga ƙasa, can sama da layin da ruwa ya bari a bango. Inbata da batura da canjoba sun bar sito, sun koma kan kanta a ɗaki mai tudu da iska take shiga. Muka sa RCD ta miliamfiya 30 a ɓangaren inbata, muka gyara haɗin nutural da ƙasa, muka tono kan sandar ƙarfen da aka binne aka haɗa mata wayar ƙasa, muka tarar maƙalinta ya ci tsatsa, muka canza shi. Kusa da ƙofar fita muka kafa makunni a sama, wanda mutum zai kashe wutar gidan duka da ta inbata tun ruwa yana bakin ƙofa, yana tsaye a busasshen wuri. Na nanata musu cewa in ruwa ya riga ya kewaye wurin makunnin, a bar shi, a fita, a kira kamfanin wuta su yanke daga waje. In kuma an ga wayar turke ta faɗo, a ba ta tazarar mita 10 aƙalla. Soket ɗin waje mun sa masu murfi, amma na bayyana masa cewa lambar IP44 da ke jikinsu fantsamar ruwa kawai take nufi. Ko mai IP67 an gwada shi ne a zurfin mita 1 na minti 30, ba kwana biyu cikin laka ba.

Kwana uku da gama aiki aka yi ruwan sama, sai ga wayarsa.

"Injiniya, wannan sabon abin da ka sa yana ta faɗuwa. Sau huɗu yau. Ka zo ka cire mana shi, yana damunmu."

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, kada kowa ya taɓa shi. Ina zuwa."

Na kashe layukan duka, na riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ɗakuna lafiya, falo lafiya, kicin lafiya. Da na ɗaga na fitilun waje sai RCD ta faɗi nan take. A ranar da na auna wannan layi ƙasa ta bushe, ya wuce da kyar, ni kuma ban bi shi har ƙarshe ba. Wannan sakacina ne, kuma na faɗa masa haka. Muka bi wayar daga bango har tsakar gida, inda ta nutse ƙasa ta nufi fitilar bakin ƙofa. Yarona ya fara haƙa. Bai kai zurfin taƙi biyu ba sai ga haɗin waya, an murɗe da hannu an naɗe da baƙin salatif, babu akwati babu bututu. Ambaliya ta kwance salatif ɗin, jan ƙarfen yana kwance tsirara cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, taku uku daga famfon da yaran gidan suke wanke ƙafa ba takalmi.

Alhaji ya tsuguna a bakin ramin ya duba, ya miƙe ya kira ɗan nasa, wanda wuta ta ja, ya ce ya zo ya gani. Muka zare wayar gaba ɗaya, muka ja sabuwa cikin bututu ba tare da haɗi ko ɗaya a ƙarƙashin ƙasa ba. Kafin in tafi na nuna wa uwargida ɗan madannin gwaji da ke jikin RCD, na ce ta riƙa danna shi lokaci-lokaci, in wuta ba ta ɗauke ba ta kira ni a ranar. Ta danna, gidan ya yi tsit, ta ɗaga madannin da kanta firji ya ci gaba da gurnani.